Kurakuran da ɗalibanmu da malamansu suka fi yi a taron kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya

Na jima ina raka 'yan sakandare daga Agege zuwa tarukan kwaikwayon Majalisar Ɗinkin Duniya da ake shiryawa a nan Legas, inda ake ajiye wa yaro allo mai sunan wata ƙasa a gabansa, a ce yau shi ne jakadanta. Yaranmu suna da kai, Turancinsu ma ya ishe su. Inda suke tuntuɓe shi ne yadda ake zama a zauren, kuma mu malamai muna da namu kason laifin.

Kuskuren da ya fi kowanne girma shi ne yaro ya manta cewa shi ɗan aike ne. Wani ɗalibina an ba shi Habasha, ana muhawara kan ruwan Nilu da madatsar da Habasha ta fara ginawa a 2011. Yayansa yana karatu a Alƙahira, zuciyarsa na tare da Masar. Da aka zo ƙuri'a sai ya ɗaga allonsa ya goyi bayan daftarin ƙudurin da Masar ta gabatar. A hutun rana na tambaye shi dalili, ya ce, "Malam, ai su ke da gaskiya." Na ce masa, "Kai, da a ce mahaifinka ya aike ka Mile 12 ka sayar masa da albasa, za ka karya farashi don mai saye ya burge ka?" Ya yi shiru. Majalisar tana da ƙasashe 193, kowace da buƙatarta, kuma darasin taron gaba ɗaya shi ne ka iya tsayawa a inda wani yake tsaye, ka fahimci abin da yake tsoro da abin da yake nema. Gyaran yana farawa tun makonni kafin taro: yaro ya binciko yadda ƙasarsa ta saba jefa ƙuri'a a kan batun, da su wa take ƙawance, da yarjejeniyar da ta sa wa hannu da wadda ta ƙi. Wanda aka ba Indiya, alal misali, ya san ba ta shiga yarjejeniyar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1968 ba. Idan kuwa akwai ƙasar da yaro ko iyayensa suke jin ba zai iya wakilta ba, a faɗa wa masu shirya taro tun ranar rabon ƙasashe. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Daga nan ne ma sauran ladubban magana suka samo asali. Ba a cewa "ni ina gani", ana cewa "wakilin Habasha yana gani". Ba a juyawa a fuskanci wani wakili a yi masa gatsal, duk magana tana bi ta wurin shugaban zama. Ba a buɗe baki sai an ɗaga allo an ba da izini, kuma idan lokacin da aka yanka ya cika, a zauna ko da a tsakiyar jimla ne. Ka soki manufar ƙasa iyakar ƙarfinka, amma kada ka taɓa mutumin da ke riƙe da allonta, balle yarensa ko addininsa ko yadda yake furta kalmomi. Haka ƙananan takardun da ake aikawa tsakanin wakilai: na aiki ne, a wasu tarukan ma ana karanta su kafin a miƙa. Magana zarar bunu ce, ta takarda kuwa ta fi wuyar janyewa.

Akwai wani kuskure da ya fi damuna don namu ne na gida, wato kunya. An tarbiyyantar da yaranmu kada su katse babba, kada su yi gaggawar magana a taro, kuma tarbiyya ce mai kyau. To amma a wannan zaure, shirun wakili shirun ƙasa ne. Na sha ganin yarinya ta yi bincike fiye da kowa a kwamitinta, ta kwana biyu allonta na kwance a tebur. Abin da nake ce musu yanzu shi ne kowa ya sa sunansa a jerin masu jawabi tun zaman farko, kafin faɗuwar gaba ta samu wurin zama. Idan aka ba da damar tashi a tattauna a tsaye, kada su dunƙule wuri guda suna Hausa, su watsu su nemi ƙasashen da buƙatarsu ta zo ɗaya, domin a nan ake rubuta ƙuduri. Ina tuna musu cewa Tafawa Ɓalewa ya tsaya a Babban Zauren a Oktoban 1960 lokacin da Najeriya ta zama mamba ta 99, Farfesa Tijjani Muhammad-Bande ya shugabanci zauren daga 2019 zuwa 2020, Amina Mohammed kuma ta zama Mataimakiyar Babban Sakatare a 2017. Ba baƙon wuri suka je ba.

Batun salla da sutura da gaisuwa duk malami ne zai warware su kafin ranar. A tambayi masu taro inda za a yi salla, a duba ko hutun rana ya dace da azahar, idan Juma'a ce a nemi izini a rubuce. Kuskuren shi ne yaro ya sulale ba sanarwa, ya dawo ya tarar an rufe ƙofa ana ƙuri'a, don a lokacin ƙuri'a ba shiga ba fita. Hijabi ba matsala ba ne a tarukan da na halarta, amma a karanta dokar sutura, kuma kada yaro ya yi shigar mutanen ƙasar da yake wakilta kamar ɗan wasan kwaikwayo. Wadda ba ta musabaha da maza ta ɗora hannu a ƙirji ta yi gaisuwa da fara'a, kowa zai gane.

Latti kuwa, duk mazaunin Legas ya san gosulo ba uzuri ba ne. Wanda zai hau gadar Third Mainland ya tashi da asuba. Idan an riga an kira sunayen ƙasashe, a aika wa shugaba takarda a sanar da shi an iso.

Sai mu malamai. Laifinmu na farko shi ne rubuta wa yaro takardar matsaya, wato wadda ke bayyana ra'ayin ƙasarsa kan batun, ko mu bar shi ya kwafo daga intanet, ko mu cusa masa ƙudurin da aka gama rubutawa tun daga gida. Yawancin taruka sun haramta wannan, kuma ko ba a kama ba, tambaya ɗaya daga wani wakili takan tona asiri a bainar jama'a, yaron ne kuma zai sha kunyar. Na biyu shi ne koyarwa daga bayan zaure: malami yana ɗaga gira, yana tura saƙon WhatsApp, yana nuna wa yaro lokacin ɗaga allo. Wurinmu kujerar baya ce, baki rufe. Gyara sai an fito hutu, kuma a keɓe. Na taɓa ganin malami ya tare shugabar kwamiti, ita ma ɗaliba ce, yana ɗaga mata murya don ba a kira yaronsa ba, ɗalibansa na kallo. Duk abin da ya koya musu game da sulhu ya rushe a wannan minti. Mai ƙorafi ya kai shi ga manyan masu shirya taro cikin natsuwa, haka ma idan aka raba lambobin yabo bai gamsu ba.

Akwai kuma malamin da yake sauke yara a ƙofa ya wuce Idumota sayayya. Iyaye amana suka ba mu. Malami ya riƙe lambobin wayar iyaye, ya san mai asma da mai shan magani, ya ƙirga yara kafin a tashi da bayan kowane hutu. Idan taron na kwana ne, ya zama akwai malama mace tare da 'yan mata, a sa lokacin shiga ɗaki, kuma babu mai fita daga masauki shi kaɗai. Ranar rufewa ma kada a sallami kowa a tashar mota, a mayar da kowane yaro hannun wanda aka karɓo shi.