Yadda za ka tantance bayanin manhajar AI (ƙirƙirarriyar basira) mai sayar maka da kaya

'Yan uwa daga Kasuwar Barci da Kasuwar Gumi a Kaduna sun yi ta tambayata kan manhajojin da ke amsa wa masu saye a Jiji (shafin saye da sayarwa na intanet) da Facebook. Ga yadda nake duba bayaninsu:

1. Buɗe shafin bayanin kafin ka biya ko sisi.
2. Duba ranar da aka sabunta shi.
3. Nemo jerin abin da manhajar ke yi da kanta.

Hattara, a nan ake yin asara. In bayanin bai nuna yadda ake sa iyakar ragi ba, kada ka bar mata ciniki. Wani zai taya atamfarka ƙasa da kuɗin sari, ta sallama kana barci.

4. Karanta irin izinin da take nema a asusunka na Jiji ko Facebook.
5. Bi matakan saitawa da kaya ɗaya tak.
6. Aika mata saƙo da Hausa kamar kai ne mai saye. Wannan ya fi damuna, don yawancin masu sayenmu da Hausa suke taya kaya.
7. Nemo yadda ake kashe ta, ka gwada da kanka.