Darasi na 6: Zaɓen Launin Fentin Ɗaki, Fari ko Ruwan Ƙasa

Mai gida ko uwargida da ke son yi wa ɗaki fenti yakan tsaya a shago yana duban murfin gwangwani, alhali launin da ke jikin murfi ba lallai ne ya fito haka a bango ba. A wannan darasi za mu kwatanta launuka biyu da aka saba da su a garuruwanmu: fari da ruwan ƙasa mai haske.

Fari yana mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansa, shi ya sa ɗaki mai ƙaramar taga yake ƙara haske da shi, kuma ƙwan lantarki ɗaya yakan wadatar da dare. Illarsa ita ce ba ya ɓoye dauɗa. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura zuwa garuruwan Marwa da Garwa a arewacin Kamaru, farin bango yakan dusashe da wuri, ga kuma shatin hannun yara. Ruwan ƙasa kuwa ya yi kusa da launin ƙurar kanta, don haka yakan daɗe bai nuna tsufa ba, amma yana ɗan rage hasken ɗaki. Ga ɗakin da yara ke kwana, shi ya fi dacewa.

Wasu suna zaton farin fenti a ciki zai kore zafin watan Afrilu. Yawancin zafin daga kwanon rufi yake saukowa, kuma silin ne maganinsa.

Kafin a sayi bokiti guda, a sayi kaɗan daga kowane launi, a shafa su kusa da juna a bangon da ke fuskantar taga, shafi biyu-biyu. A bari su bushe sarai, sannan a dube su da safe, da azahar, da kuma dare a hasken fitila. Idan filastar siminti sabuwa ce, a jira kamar mako 4 tukuna.

Lita 1 ta fentin ruwa takan rufe kimanin murabba'in mita 10 a bango mai santsi. Ɗaki mai tsawon mita 4, faɗin mita 3, tsayin mita 3 yana da bango murabba'in mita 42. Idan aka cire ƙofa da taga, saura wajen 38, shafi biyu kuwa zai ci kimanin lita 8.

Aiki: Ku auna ɗakinku, ku rubuta yawan litar da zai ci.