Yadda Ake Karanta Hasashen Guguwar Rana Kafin Ta Taɓa Taurarin Ɗan'adam da Layukan Lantarki

Yawancin waɗanda na ga sun fara bibiyar yanayin sararin samaniya wuri guda suke tuntuɓe. Da zarar sun ji an ce rana ta yi babbar fashewa, sai su baza labari cewa wuta za ta ɗauke kuma taurarin ɗan'adam za su lalace, idan kuma aka kwana uku ba a ga komai ba sai su yanke hukuncin cewa maganar duk tatsuniya ce. Abin da ya kuɓuce musu shi ne cewa fashewar da aka gani a rana daban, guguwar da ke girgiza maganaɗisun duniya daban, kuma tsakaninsu akwai matakai da dole a bi ɗaya bayan ɗaya.

Ka fara da zaɓen wuri ɗaya da za ka riƙa ɗaukar bayani. Ni dai shawarata ita ce shafin cibiyar hasashen yanayin sararin samaniya ta hukumar NOAA ta Amurka, wadda ke birnin Bolda a jihar Kolorado. Kyauta ne, don haka kada ka kashe kuɗi a kan manhajojin waya masu buga ƙararrawa a kan kowane ƙaramin motsi, domin galibinsu daga can suke kwaso alƙaluman. Ka lura cewa duk lokutan da ke shafin da agogon duniya na UTC aka rubuta su, sai ka lissafa bambancinsa da agogonka tun ranar farko ka rubuta shi a bangon littafin da za ka riƙa ajiye bayanai.

Mataki na biyu shi ne rarrabe haruffa uku da cibiyar ke amfani da su, wato R da S da G, kowannensu daga 1 zuwa 5. Harafin R na walƙiyar rana ne, wadda haskenta ke isowa cikin kimanin minti 8, ya dagula rediyon gajeren zango a ɓangaren duniya da rana ke haskawa a lokacin. Ita wannan babu gargaɗi a kanta, domin ganinta shi ne isowarta. Ana jera ƙarfin walƙiyar da haruffan A, B, C, M da X, kowane aji ya ninka na ƙasa da shi sau goma. Harafin S na ƙwayoyin zarra masu gudun gaske ne, waɗanda ke rikita ƙwaƙwalwar na'urorin taurarin ɗan'adam, su kuma tsufar da farantan da ke tara musu hasken rana. Harafin G shi ne na guguwar maganaɗisu, kuma ita kaɗai ce ke barazana ga layukan lantarki. Ana auna ta da ma'aunin Kp mai tafiya daga 0 zuwa 9, inda 5 ke nufin G1, 9 kuma G5.

Bayan ka ga walƙiya, tambayar da za ka yi ita ce ko rana ta amayo curin iskar gas mai caji tare da ita, abin da masana ke taƙaitawa da CME. Ba kowace walƙiya ke zuwa da shi ba, kuma ba kowane curi ke nufo duniya ba. Ka duba hotunan tauraron SOHO, wanda aka harba a 1995, mai ɗauke da na'urar da ke rufe fuskar rana da faifai domin a ga abin da ke fita daga gefenta. Idan curin ya fita ta gefe ɗaya kamar hayaƙin da iska ta kaɗa, mai yiwuwa wucewa zai yi. Idan kuwa ya bayyana kamar zobe yana faɗaɗa ta ko'ina a kewayen faifan, to ko dai kai tsaye ya nufo mu ko kuma ya ba mu baya, kuma wurin da tabon rana, wato baƙin ɗigon da ya yi fashewar, yake a fuskar rana shi zai raba gardama. Curin kan ɗauki kwana ɗaya zuwa huɗu a hanya, kodayake na watan Satumban 1859, wanda masanin taurari ɗan Ingila Richard Carrington ya ga walƙiyarsa, ya iso cikin ƙasa da sa'o'i 18 har wayoyin tangarahu suka riƙa tartsatsi. Lokacin isowar da za a ba ka, ka ɗauke shi a matsayin kirdado, domin yakan kauce da sa'o'i masu yawa.

Yanzu ga matakin da na fi so a tsaya a kai, domin a nan ni kaina na taɓa yin kuskure. Wata rana na ga walƙiya mai ajin X da curi da ya nufo duniya sosai, na rubuta wa abokan aikina gargaɗi mai zafi, curin ya iso a kan lokaci, amma guguwar da ta biyo baya ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ban duba ba shi ne alƙiblar maganaɗisun da ke cikin curin, wanda a jadawalin iskar rana, wato ƙwayoyi masu caji da ke kwararowa daga rana, ake rubuta shi Bz. Maganaɗisun duniya a gefen da ke fuskantar rana arewa yake kallo. Idan na curin shi ma arewa yake kallo, wato Bz na sama da sifiri, sai garkuwar duniya ta ture mafi yawan ƙarfinsa. Idan kuwa ya juya kudu, layin ya sauka ƙasa da sifiri, sai biyun su haɗe kamar an buɗe ƙofa, ƙarfin ya kwararo ciki.

Matsalar ita ce ba a iya auna wannan alƙibla tun curin yana kusa da rana. Sai ya iso wurin da ake kira L1, kilomita miliyan 1.5 daga duniya ta wajen rana, inda aka ajiye taurari irin su ACE da DSCOVR domin su auna shi. Ka yi lissafin da kanka: iskar da ke gudun kilomita 400 a daƙiƙa za ta cinye wannan tazara cikin kimanin awa ɗaya, mai gudun 800 kuwa rabin awa kawai. Wannan shi ne iyakar tabbataccen gargaɗin da kowa ke samu, har da manyan kamfanonin lantarki. Saboda haka a ranar da ake sa ran isowar curin, ka bar jadawalin iskar rana a buɗe. Za ka ga layin gudu da ke tafiya a shimfiɗe ya yi tsalle farat ɗaya, ka san baƙon ya iso, daga nan sai ka mayar da idonka kan Bz. Ƙa'idata ita ce ba na ɗaukar abin da muhimmanci sai layin ya sauka ƙasa da -10 kuma ya zauna a can fiye da awa ɗaya. Saukar minti biyar da komawa sama ba ta gina guguwa, daɗewa ce ke gina ta. A guguwar 10 ga Mayun 2024, wadda ta kai G5 karo na farko tun 2003, layin ya nutse nesa da wannan iyaka kuma ya shafe sa'o'i a ƙasa. Kada ka jira Kp ya faɗa maka, domin duk bayan sa'o'i uku ake fitar da cikakken ƙiyasinsa, labarin abin da ya riga ya wuce yake bayarwa.

Sai fassara abin da ka gani. Ga layukan lantarki, saurin sauyawar maganaɗisu yana haifar da wata wuta a cikin ƙasa, ta shiga dogayen layuka ta wayar da ke haɗa taransifoma da ƙasa, ta sa ƙarfen cikinta ya ƙoshi da maganaɗisu ya yi zafi, na'urorin kariya kuma su fara katse layuka. Haka ya faru a lardin Kebek na Kanada ranar 13 ga Maris 1989, inda tsarin ya durƙushe cikin kimanin daƙiƙa 90, mutum miliyan 6 suka zauna babu wuta na tsawon sa'o'i 9. Haɗarin ya fi yawa kusa da ƙuryoyin duniya biyu na arewa da kudu da inda ƙasa ke da dutse mai tauri, amma a 2003 an samu lalacewar taransifomomi har a Afirka ta Kudu. Abin da masu kula da layuka ke yi shi ne rage nauyin da ke kan manyan taransifomomi, ɗage gyare-gyaren da za su rage layukan ko-ta-kwana, da sa ido kan zafin na'urori.

Ga taurarin ɗan'adam kuwa, kada ka raina ƙaramar lamba. Guguwa tana ɗumama saman iskar duniya ya kumbura, ya riƙa jan taurarin da ke ƙasa-ƙasa. A watan Fabrairun 2022 guguwa mai matakin G1 kacal ta jawo asarar 38 daga cikin taurarin intanet na Starlink 49 da aka harba, saboda ta same su a ƙasan zangonsu kafin su hau. Idan aikinka ya rataya a kan GPS mai auna taƙi da taƙi, kamar awon filaye ko tuƙin injinan noma, ka ɗage shi duk ranar da aka kai G3, ka sake auna duk abin da ka ɗauka a cikin guguwar bayan ta lafa. Ka rubuta ranar a littafinka, sannan ka sake leƙawa bayan kwana 27, domin a wannan tsawon ne rana ke juyo mana da fuskar da ta yi aika-aikar.