In an dauke ki aikin digon foliyo gida-gida, ga yadda ake yin shi

Sunan kanwata ya fito cikin masu digon shan inna na wanga zagaye, tun shekaranjiya take damuna da tambaya a waya, shi ne nace bari in rubuta sau guda kowa ya gani tunda ba ita kadai bace sabuwa. Ni daga rikoda, mai rubuta lissafin yara a takarda, na fara a nan cikin garin Sakkwato kafin in koma mai digawa.

Ki yi sammako. Zafin Sakkwato kin san shi, watan Afrilu har 40 yake wucewa, maganin nan kuma ba shi da makiyi irin zafi. Kafin ki sa hannu kin karba, bude kula, akwatin sanyin da ake sa maganin, ki taba kankarar da hannunki, in ta sake ta koma ruwa kice a canza miki, babu kunya a nan. Ki kirga kwalabe, sannan ki duba dan tambarin da ke jikin kowace, da'ira ce da dan murabba'i a tsakiya. In na tsakiyar ya fi da'irar haske magani na da kyau, in launinsu ya zo daya ko na tsakiyar ya fi duhu to zafi ya cinye shi, maida musu abinsu. Kula kuma ba kujera bace, kar ki zauna kanta kar ki aje ta a rana, kuma kar ki bude sabuwar kwalba sai ta hannunki ta kare.

A kofar gida aikin yake. Sallama, gaisuwa cikakka, ina kwana Inna, ya gida ya diya, ya zafi. Wadda ta fado tsakar gida da kwalba a hannu kamar mai bin bashi ita ce ake ce ma yaran basa nan. Kuma kar ki ce "akwai yara?", za a ce babu. Ki ce diya nawa ke kwana gidan ga da basu kai shekara biyar ba, ki bi daki daki in gidan kishiyoyi ne, ki tambayi na goye, da mai barci, da na bakuwar da ta zo biki daga Illela ko Konni. Jaririn da anka haifa jiya ma ana diga mishi, ba sai an yi suna ba, mai jego takan yi shiru ne kawai in ba a tambaya ba. In ana gardamar shekaru, sa yaro ya zagayo da hannunshi ta saman kai ya kama kunnen daya gefen, wanda bai kai ba galibi bai cika biyar ba.

Digo biyu ne. Uwa ta rike shi, ki dan matsa kumatun a hankali, kar bakin kwalbar ya taba lebenshi. In ya tofar ki sake. Sai ya hadiye sannan ki shafa mishi tawadar alama a farcen dan karamin yatsan hagu, rikoda ta yi alama a takarda, in kun fito a rubuta da alli a bango yadda anka koya muku a tirenin, har da yaran da ba a samu ba don a dawo musu.

To ga inda nake son ki tsaya. Wata rana wata uwa za ta ja ki gefe. Ni an yi min, a wani gida mai zaure biyu, matar ta kama hannuna tace don Allah shafa ma yarona tawadar kawai ki tafi, babanshi ya hana, in sufabaiza ya ga yatsa babu alama za a kai mu wurin mai unguwa. Rana ta take, saura gida kusan ashirin, wallahi zuciya sai ta ce miki yi ki huta. Kar ki yi. Yaron da kinka shafa ma tawada babu digo ya bace ke nan, takarda tace an yi mishi, ba mai dawowa nemanshi. Nace mata Yaya ki yi hakuri ba zan jawo miki fada da maigida ba, amma ba zan rubuta karya ba. Munka rubuta gidan cikin wadanda sunka ki, da yamma anka fada a mitin, kashegari mai unguwa da liman sunka zauna da mutumin a zaurenshi.

Masu kin nan kuma ba jahilai bane duka, kar ki daga musu murya. Wani tun maganar 2003 yake rike da ita, lokacin da anka dakatar da digon a Kano da Zamfara da Kaduna kan jita-jitar hana haihuwa, har sai 2004 Kano ta dawo. Ki tuna mishi Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar na gaba-gaba cikin sarakunan da ke kira a kawo yara. Wani kuma zai ce zazzabi na kashe mana diya ba ku kawo magani ba sai wanga kullum, gaskiyarshi ne a wani bangare, ki amsa mishi da haka, ki fada mishi ranar rigakafi a asibitin unguwarsu.

Tambayar da ta fi yawa yanzu ita ce ba ance an gama da foliyo ba? E, ta daji, wato ainihin kwayar cutar, an gama da ita a Najeriya, a Borno anka ga ta karshe a 2016, kuma 25 ga Agusta 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya tace Afirka ta rabu da ita. Amma akwai wata iri da ke tasowa inda yara da yawa ba su samu rigakafi ba, kwayar da anka raunana ta cikin digon tana fita ta bahaya, in ta dade tana yawo tsakanin yaran da ba su da kariya sai ta sake karfi. Kuma cikin yara kusan 200 da sunka kamu daya ne ke shanyewa, sauran suna yawo da ita lafiya lau a ido, shi yasa ba a jiran sai an ga gurgu.

Kafin ki bar kowane gida ki tambaya ko akwai yaro kasa da shekara 15 da kafa ko hannu ya saki farat daya. In akwai, ki fada ma sufabaiza ranar, ana son daukar bahayanshi sau biyu cikin kwana 14 a kai gwaji.

Takalmi mara tsini, gorar ruwanki daban, kudin aiki kuwa kar ki ci bashi a kansu don ni na taba jiran nawa har anka fara wani zagaye. In kun tashi ki maida kwalabe duka, wadanda sunka kare da masu saura da wadanda ba a bude ba, a kirga a gabanki lissafi ya zo daidai da na safe kafin ki sa hannu.