Kurakuran da aka fi yi da wutar daji in hunturu ya shigo

Na gaji da ganin abu ɗaya kowace shekara. Da an gama kaka, iskar hunturu ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas, gamba da ƙyasuwa sun bushe ƙayau, sai hayaƙi ya turnuƙe bayan gari, kuma in ka bincika kuskuren bara ne aka maimaita. Abin ya fi muni a shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, don ciyawa kan bushe tun dammunan dawa suna jibge a gona.

Na farko, cinna wa gona wuta da rana tsaka. Daga hantsi zuwa azahar iska ta fi ƙarfi, kuma babu sauran laima a jikin ciyawa, amma a lokacin ne yaro zai ƙyasta ashana don yana son ya koma gida da wuri. Ni ba na sa wuta sai la'asar sakaliya, in iska ta kwanta. Ina watsa ƙasa sama in ga inda ta nufa, sannan in fara cinnawa daga gefen da iskar ke dosa, wutar ta riƙa ci tana fuskantar iska, a hankali. Kafin nan na share iyakar gona har ƙasa ta fito fili, faɗin taku goma, na kwashe sharar na kai tsakiya. Wasu suna shara su tara tarkacen a bakin iyakar. To me aka yi? A Nijar, a yankunan kiwo na Tahoua, Maraɗi da Damagaram, bayan damina ake ɗaukar mutane aikin share dogayen layuka a daji don su tare wuta kada ta cinye makiyaya. In ana iya yi wa daji guda, gonarka ba ta fi ƙarfin fartanya ba.

Na biyu shi ne wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci: watsewa da zarar harshen wuta ya kwanta. Wata shekara yaran maƙwabcin gonata suka ƙona kara, suka kakkaɓe wutar, suka tafi sallar magariba. Ashe wani kututturen kalgo da busasshen kashin shanu suna ci ta ciki. Washegari da hantsi iska ta tashi, ta kwashi tartsatsi ta tsallake iyaka. Harawar da na tara wa dabbobi ta rani, da dawar da ban kai rumbu ba, da 'yan dashen mangwaron da na sha wahalar yi wa ban ruwa, duk suka zama toka. Da na je, babban yaron ya durƙusa yana cewa, "Wallahi Baba, sai da ta mutu muka tafi." Ba ƙarya yake yi ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Amma kututture yakan kwana biyu ko fiye yana riƙe da garwashi, kashin shanu ma haka, ba hayaƙi ba alama. Haba jama'a! Kun iya yinin ƙona gona, zagaye ɗaya ne ya gagare ku? Ku bi bakin ƙunar kaf da shebur, ku kara bayan hannu kusa da duk abin da ya yi baƙi, inda kuka ji ɗumi ku tone ku binne da ƙasa. Washegari kafin iska ta tashi a sake komawa. Ni wanda bai yarda da wannan ba, ba na ba shi aron ko ashana.

Sai masu jarumtakar tarar wuta gaba da gaba. Inda iska ke tura ta, nan ta fi tsawo da zafi, hayaƙin kaɗai ya isa ya kayar da ƙato. Ta baya da gefe ake bin ta, kana tsaye a kan inda ya riga ya ƙone, ana matse ta har bakinta ya tsuke. In ta juyo, kada ka bi iska da gudu, kada kuma ka hau tudu: masana gobara sun ƙiyasta cewa duk ƙarin hawa na digiri 10 yana ninka saurinta. Nemi fako, ko hanya, ko wurin da ta riga ta cinye.

Ƙananan kurakuran ba sa bukatar dogon bayani. Rigar ƙwallo da silifa narkewa suke a jiki, sa kayan auduga da takalmi rufaffe. Ɗanyen reshen darbejiya ake duka da shi, a shafo wutar zuwa cikin ƙuna, busasshe ƙara mata abinci ne. Ruwa a gindinta ake zubawa, kuma famfon feshi na goyo mai lita 16, in an wanke shi, ya fi bokiti biyar da aka watsa sama. Harawa ba ta zama jikin danni. Masu farautar gafiya da masu cire zuma da masu yar da guntun sigari kuwa, na rasa ma me zan ce musu.

Wanda yake ganin wasa ne ya tambayi dattawan zango a Kumasi ko Tamale labarin 1983, lokacin da fari da gobarar daji suka haɗu suka cinye gonakin koko da na abinci a Gana, aka shiga yunwa. Bayan nan ne ƙasar ta yi dokar 1990 da ta tanadi 'yan sa-kai na kashe wutar daji a garuruwa. Mu ma a Najeriya akwai ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta ƙasa, wato NESREA, na 2011 kan ƙona daji, sai dai a ƙauye mai unguwa aka sani. Shi nake fara gaya wa ranar da zan ƙona, sai maƙwabtan gona, sai ardon rugar da ke kusa don a janye shanu. Cinna wata wuta don ta je ta tari mai zuwa dabara ce mai aiki, amma sai daga layin da aka share, kuma mutum ɗaya ne zai ba da umarni, bayan an tabbatar babu yaro ko makiyayi a tsakanin wutar biyu.