Ga masu shirin hawa Dutsen Kufena na Zariya ranar Asabar

'Yan uwa, ku fita da sassafe bayan asuba. Ta Wusasa za ku bi, kuma kafin ƙarfe 10 ku sauko, domin dutsen yana ɗaukar zafi sosai, har ta takalmi za ka ji shi. Kada a sa silifas, musamman da damina, santsi yake yi. Kowa ya riƙe gorar ruwansa.

Da yamma in za ku wuce madatsar ruwan Kubanni ta Samaru, ku zauna a bakin ruwa ku sha iska. Don Allah kada wanda ya shiga kwalekwale ba rigar kariya, ko da ya iya iyo. Yara kuwa, hannunsu a naku.