Yadda ake shuka dankalin turawa mai saurin nuna a saman bene ko a tsakar gida, mu da muke Saudiyya

Assalamu alaikum 'yan uwa na Makka da Madina da Jidda da sauran garuruwa. Duk mai son ya ci dankalin turawan da ya shuka da hannunsa a ƙasar nan toh ya fara da duba kalanda tukuna, domin a nan ne mafi yawan mutane suke faɗuwa. Za ka kalli bidiyon wani Bature a YouTube yana cewa a shuka a watan Maris a tona a Yuni ko Yuli, wannan lissafin Ingila ne fa, su sanyi suke jira ya wuce, mu kuwa sanyin ne jarinmu kuma ɗan kaɗan muke samu. Ka shuka a Maris a saman bene a Makka, ganye zai fito shar har maƙwabta su yaba, ranar da ka juye bokitin sai ka tarar da saiwa zalla.

Dalilin kuwa shi dankalin nan asalinsa daga tsaunukan Andis yake can wajen Peru da Bolibiya, ɗan sanyi ne. Yana zuba 'ya'ya sosai idan zafin ƙasar da yake ciki yana tsakanin digiri 15 zuwa 20, da zarar ta doshi 30 sai ya ja birki ya daina. Shi yasa a gida Najeriya daga Filato ake kawo shi, su Bokkos da Mangu, a nan kuma manyan gonakinsa suna su Ha'il da Kasim da Tabuk da Jauf. Saboda haka abin da muke nema shi ne iri mai saurin nuna, wanda cikin kwana 70 zuwa 90 ya gama aikinsa kafin zafi ya dawo. Idan kana Madina ka shuka daga farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa. Makka da Jidda gaskiya sanyinsu bai taka kara ya karya ba, sai ka ɗan jinkirta zuwa ƙarshen Nuwamba ko farkon Disamba yadda lokacin zuba 'ya'yan zai faɗo a Janairu, kuma kada ka sa rai da yawa irin na mutanen Ta'if, su kam Allah ya ba su, suna kan dutse. 'Yan Riyad za su iya farawa tun ƙarshen Oktoba amma su kula da kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi, wato murabba'aniyya, da ke kamawa wajen 7 ga Disamba, akwai dararen da sanyi yake iya ƙona ganyen, sai a lulluɓe da tsohon zanin gado a yaye da safe. Kuma dan Allah kada wani ya riƙe lokacin da watan Musulunci ya ce ai bara a Jimada na shuka, watanninmu zagayawa suke, kowace shekara suna matsowa da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, na bature za ka riƙe a wannan harkar.

Sai iri. In ka samu mashtal, wato wurin sayar da dashe, ko shagon kayan noma da ke sayar da dankalin shuka na ainihi shi ya fi, ka ce musu tagawi kake so za su gane. Wanda aka fi samu a yankin nan shi ne Spunta, irin Holan ne, dogo mai hasken fata, ba shi ne mafi sauri a duniya ba amma yana jure yanayinmu kuma ana iya tone shi yana ɗanye. In ba ka samu ba ka je halaga, wato kasuwar kayan gwari, ka zaɓo na kasuwa, sai dai ka sani wani ana fesa masa maganin hana tsiro, za ka ajiye shi wata guda yana kallonka kana kallonsa. Dabarar ita ce ka nemi wanda ya riga ya fara buɗe ido da kansa, irin wanda mai kaya yake neman ya rabu da shi. Ka zaɓi mai girman ƙwan kaza, mai tauri, ba tabo ba laushi.

Ka jera su a kwalin ƙwai, ɓangaren da idanu suka fi yawa yana kallon sama, ka ajiye a ɗaki mai haske da sanyi kusa da taga amma ba inda rana za ta buge su kai tsaye ba. Sati biyu zuwa uku za ka ga tsiro gajeru masu kauri, kore ko ruwan hoda-hoda, idan sun kai santimita 1 zuwa 2 sun isa. In ka ga tsiron ya yi fari dogo siriri toh duhu ya yi masa yawa, da ka taɓa zai karye. Wannan tsirarwar kada ka raina ta, kwanakin da dankalin zai ɓata a cikin ƙasa yana neman farkawa ka riga ka cinye su a ɗaki ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, tun waje yana da zafi. Wasu suna yanka babba gida biyu ko uku, kowane yanki da ido biyu, su barbaɗa toka su bar shi kwana biyu ya bushe. Yana yi, amma ni ina ganin a ƙasa mai ɗumi irin tamu yankakke saurin ruɓewa gare shi, gara ƙanana a shuka su ɗungurungum.

Mazubi kuwa ba sai ka kashe riyal ba. Buhun shinkafa na kilo 40, bokitin fenti da aka wanke tas, tsohon baho, duk suna yi. Lissafin mai sauƙi ne, kowane dankali ɗaya ka ba shi wajen lita 10 na ƙasa, kenan bokitin lita 20 guda biyu ya ishe shi, babban buhu uku ko huɗu. Kwaɗayi ne yake sa mutum ya cusa shida a bokiti ɗaya ya ƙare da 'yan mitsi-mitsi. Ka huda gindin da kyau, huji da yawa. Abu biyu da Baturen bidiyo ba zai gaya maka ba, na farko baƙin mazubi a saman bene yana shan rana ya dafa saiwar ko a Janairu ne, ka nemi fari ko ka naɗe shi da buhun algarara ko kwali. Na biyu kada ka ɗora shi kan siminti kai tsaye, ka sa katako ko bulo a ƙasa iska ta riƙa wucewa, ruwan ma ya samu hanya. Kuma mu da yawancinmu haya muke, a kula da inda ruwan ke bi, kada ya kwanta ya yoyo wa na ƙasa a zo ana rigima da mai gida a kan dankali.

Ƙasar da za ka zuba tana son ta zama mai laushi wadda ba ta riƙe ruwa. Ka haɗa bitmos, wato baƙar ƙasar shuka mai laushi da ake sayarwa a buhu, da jan yashin noma da takin tumaki da ya ruɓe sosai, kusan kashi ɗaya-ɗaya, in ka rage takin ma ba laifi. Ɗanyen taki kam a'a, yana ƙona saiwa ga wari ga ƙuda. Bitmos ɗin yana da wani amfani, ƙasar nan tamu gishiri da farar ƙasa sun yi mata yawa, dankali kuma ya fi son ƙasa mai ɗan tsami, in ba haka ba sai ka ga fatarsa ta yi ƙuraje masu kaushi, ana ci dai amma ba kyan gani.

Ka naɗe bakin buhun zuwa ƙasa, ka zuba ƙasa kamar santimita 15, ka ɗora dankalin tsiro yana sama, a hankali kada ya karye, ka rufe da wata santimita 10 ka ba shi ruwa. Cikin sati biyu zuwa uku zai leƙo. Idan ya kai tsawon taƙi ɗaya sai ka ƙara ƙasa har ta rufe rabin karan, ka warware bakin buhun sama kaɗan, bayan sati biyu ka sake, har buhun ya kusa cika. Wannan ƙarin ƙasar shi yake hana rana taɓa 'ya'yan, domin duk dankalin da haske ya taɓa kore yake zama, koren nan kuma alama ce ta gubar da ake kira solanin, ɗaci gare shi yana ɓata ciki. Ko kaɗan ka ga wani ya leƙo ka rufe shi nan take.

Mai fili a tsakar gida ko istiraha, wato gidan shaƙatawa, aikinsa ya fi sauƙi, ya kafta ƙasar da zurfi ya cakuɗa taki, ya ja layi mai zurfin santimita 10 zuwa 15, tsakanin dankali da dankali santimita 30, tsakanin layi da layi 60, in sun taso ya riƙa jawo musu ƙasa yana yin kunya kamar dai yadda muke yi a gida. Shikenan.

Ruwa shi ne inda ake buƙatar hankali. Kafin ya tsiro kada ka cika masa, ruɓewa zai yi. Bayan ya yi ganye kuma kada ka bari ya bushe ƙayau, musamman daga sati na biyar zuwa shida lokacin da ya fara ƙulla 'ya'ya, in yau ƙishi gobe ambaliya sai dankalin ya tsattsage ko ya fito da ƙusumbi. Ka cusa yatsa cikin ƙasar, in ka ji gaɓa biyu a bushe ka ba shi har sai ya ɗigo ta ƙasa, da sassafe bayan asuba ya fi. Wanda yake amfani da ruwan rijiya da wayit, wato tankar ruwa, ke kawowa ya ɗanɗana tukuna, in da gishiri-gishiri zai ga bakin ganye yana ƙonewa da farin gishiri a saman ƙasar. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif kusan ba gishiri a cikinsa, 'yan Jidda da ba sa kashe nasu ko da sanyi su tara a jarka su riƙa haɗawa. Takin zamani kuma a bi sannu, yuriya in ta yi yawa ganye za ka noma, ka nemi mai yawan fotasiyam ka sa ɗan cokali bayan sati biyu-biyu ka tsaya idan fure ya fito.

Ka riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa, farin ƙuda da ɗarɓa a nan suke ɓuya, ruwan sabulu mai laushi ko man darbejiya da yamma yana rage su. Magen unguwa ma tana son buhu mai sabuwar ƙasa, ka ɗora raga har shukar ta rufe. Hajiya mai yara ƙanana kuma ki kula, wani lokaci bayan fure yakan fitar da 'yan ƙwallaye kore masu kama da ɗanyen tumatir, ba a ci, ki tsinke ki zubar.

Wajen kwana 70 ko idan fure ya buɗe ya fara zubewa, wani irin ma ba ya furen sam, sai ka zura hannu ta gefen buhun ka lalubo. In ka ji sun kai girman ƙwai toh an zo wurin. Kana iya zare manyan guda uku huɗu na girkin ranar ka mayar da ƙasar ka bar ƙananan su ƙara, ko kuma ka daina ba da ruwa kwana uku ka shimfiɗa leda ka juye buhun gaba ɗaya, a bar yara su tsince, wlh sun fi kowa iya nemo 'yan ƙananan da suka ɓuya a saiwa. Wanda ya shuka a kunya ya sa cebur daga nesa da gindin ya ɗago, kada ya sare su. Sabon dankali fatarsa siririya ce, da babban yatsa kawai za ka murje ta a ƙarƙashin famfo, ba ruwanka da wuƙa, ka dafa da gishiri ka zuba man shanu da yaji ko ka yi fate da alayyahu, ɗanɗanon daban yake da na kanti. Amma ba ya ajiyuwa, cikin sati guda a cinye. In kana so ya ɗan jima sai ka yanke ganyen daga gindi ka bar 'ya'yan a cikin busasshiyar ƙasa kwana goma zuwa sati biyu fatar ta yi ƙwari, sannan ka tona ka ajiye a kwali a wuri mai duhu da sanyi, kuma duk wannan ka gama shi kafin Maris ya yi nisa.

Ƙasar da ta rage kada ka sake sa mata dankali ko tumatir ko gauta ko tattasai, dangi ɗaya ne cutarsu ɗaya. Ka ƙara mata ɗan taki ka watsa lalo ko kuɓewa, su zafin da ke tafe bai dame su ba.